Ba a Tsayuwa a Kan Hajiya

Lahadi ta biyu bayan Babbar Sallah, a shekarar da na shiga aji tara, muna falon Alhaji Sabo da ke unguwar Sedgefield bayan la'asar. Manya sun cika kujeru, mu yara mun baje a kan kafet, tiren soyayyen naman layya na ta zagayawa da yaji a gefe, ana jiran a fara ƙwallon Amurka a talabijin. Mata suna can kicin da hirarsu, ban da kakata Hajiya, mahaifiyar Baba, wadda ta zo daga Funtua don a yi mata aikin ido ta zarce da zama wurinmu. Ita ba ta san wani falon maza ba, inda ta ga dama nan take zama. Aka saki taken ƙasa, aka hasko 'yan wasa a jere, sai ga wasu 'yan kaɗan cikinsu sun kai gwiwa ƙasa. Hajiya ta gyara zaman tabarau ta ce, "Masha Allah! Ashe akwai masu tarbiyya a ƙasar nan. Dubi sauran ƙattin, sun tsaya wa mutane ƙiƙam a ka." Falo ya kwashe da dariya. Alhaji Sabo, yana share hawaye, ya yi mata bayani cewa ba ladabi ba ne, fushi suke nunawa kan yadda 'yan sanda ke yi wa baƙar fata. Ta ce, "Oh ni! Wane irin fushi ne ake yi a durƙushe?" Aka sake dariya. Mutum biyu ne ba su yi ba, ni da Baba, kuma ba mu yarda mun haɗa ido ba.

Ba laifin Hajiya ba ne. A birnin Greensboro na Amurka aka haife ni, amma da zarar ka shigo gidanmu ka rufe ƙofa, to ka iso Funtua. Kowace safiya kafin motar makaranta ta tsaya a bakin layi, sai ni da ƙannena mun durƙusa mun gaida Baba da Mama da Hausa, wanda kuwa ya kuskura ya ɗaga musu hannu a tsaye irin na 'ya'yan maƙwabta, ranar ya shiga uku. Dokar ɗaya ce, ba a tsayuwa a kan babba. In yana zaune a ƙasa kai ma ka yi ƙasa, in ya sunkuya zai ɗauki abu ka riga shi. Baba da kansa, da furfurarsa da farar rigarsa ta ɗakin gwajin jini na asibiti, sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa a bakin ƙofar Hajiya kafin ya fita aiki. Ita kuwa ko kallonsa ba ta cika yi ba, don shi ne ɗan fari. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, "wancan" take cewa. Ni ne dai ɗan lelenta, "maigida" take kirana, kullum tana min tsiya wai tunda ta aure ni ban taɓa kawo mata ko goro ba. Ranar Asabar in mun dawo daga Islamiyya, ni ke tura injin yankan ciyawa, in fitar da shara, in yi ban ruwa a lambun Mama na bayan gida, inda yakuwa da kuɓewa da attarugu ke fama da zomaye. Sai na gama duk wannan ake barina in ruga ƙarshen layi, inda yaran unguwa ke jefa ƙwallon nan da Hajiya ke kira gwanda saboda siffarta, mu yi ta turmushe juna a ciyawar mutane har a kunna fitilun titi.

Na daɗe ina roƙo kafin Baba ya bar ni na shiga ƙungiyar makaranta. Shi a wurinsa ƙwallo da ƙafa ake buga ta, wannan kuwa cewa yake an sunkuci abu an ruga kamar ɓarawon kaza. Mama ita tsoronta kada a fasa min kai. Daga ƙarshe ya amince bisa sharaɗin maki ba zai faɗi ba, sallah ba za ta wuce ba. Ba ni da jiki, amma Allah ya ba ni gudu, kuma Koci mai horar da mu, wani dattijon Bature mai jan wuya da usur a baki, ya gane haka tun ranar farko. Wallahi ba zan ɓoye ba, rigar ƙungiyar nan ta canza min rayuwa. Ni da malamai ke karya harshe wajen kiran Habibu, ni da ake toshe hanci in na buɗe abincina saboda daddawa, sai ga shi ranar wasa ina ratsa makaranta da lamba a ƙirji, ana dukan kafaɗata. A garin nan ƙwallon Amurka kusan addini ce, kuma ita ce ta fara ba ni wurin zama a ƙasar da aka haife ni.

Abin da ya hana ni dariya a falon Alhaji Sabo ya faru ne ranar Sallah. Bayan an sauko daga idi, ni da Baba muka kama hanyar wata gona a bayan garin Pleasant Garden, inda wani manomi ke sayar wa mutanenmu raguna ya bar su su yanka a can. Muka riga kowa isa, Baba ya yi fakin a gefen hanya don jiran su Alhaji. Shi mutum ne da ba ya iya zaman banza, sai ya fito sanye da babbar rigarsa fara ƙal, ya warware wuƙaƙen daga cikin tawul, ya shiga wasa su ɗaya a jikin ɗaya yana ɗan zikiri, yadda ake yi a kowace ƙofar gida a Funtua ranar layya. Bai kawo a ransa cewa akwai mai leƙe ta tagar gidan da ke tsallake ba. Ba a jima ba motocin 'yan sanda suka tsaya da jiniya. Ina zaune a mota na ga an ɗaga bindiga, na ji ana daka masa tsawa, na ga ubana ya saki wuƙaƙen, ya ɗora hannuwa a ka, ya durƙusa a kan tsakuwa gaban wani ɗan sanda, yaron da bai kai ƙaninsa ba. Hularsa ta faɗi ta gangara cikin kwata. Sai da manomin ya zo a guje ya yi bayani sannan suka bar shi ya tashi, suka tafi abinsu ko sannu babu. Baba ya ɗauki hular ya kakkaɓe, ya shigo mota. Ya ce, "Ba ka ga komai ba." A gida ya ce wa Mama wajen kayar da rago ne rigar ta ɓaci a gwiwa.

Na gani kuwa, kuma abin ya zauna min a ƙirji ya ƙi wucewa. A makonnin nan ba a da zance sai na masu durƙuso. Wasu iyayen yara a makaranta suna rantsuwa sun daina kallon wasan tunda aka raina tuta, su Alhaji Sabo na ta muhawara ko wasan zai mutu, alhali kowace Lahadi ba ka samun wurin ajiye mota a ƙofar gidansa. Ni ban san siyasa ba, abin da na sani shi ne an durƙusar da ubana dole, kuma ba a bar ni na faɗa wa kowa ba. Ranar Alhamis da yamma, muna jere a bakin fili, aka saki taken ƙasa, sai kawai na riƙe hular kwanona na kai gwiwa ƙasa. Wani ya yi min ihu daga cikin 'yan kallo, wani ya jefo kofin lemo. Bayan wasa Koci ya kira ni gefe, bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ba ya kawo siyasa filinsa, wannan karon ya yafe, amma in na sake ko sau ɗaya in kawo masa rigarsa. Kafin in isa gida labari ya riga ni. Baba ya zaunar da ni ya ce mu baƙi ne, baƙo kuwa kansa a ƙasa yake, ga ƙannena, ga aikinsa, ga takardunsa da ba su gama fitowa ba. Ya ce wasa mai zuwa da kansa zai zo, ya gan ni a tsaye da idonsa.

Hajiya ce ta ritsa ni ranar Asabar muna tsinke yakuwa a baranda. Ta ce, "Maigida, ni fa na wanke rigar Sallar wancan. Tsakuwa na gani a gwiwar, ba kashin rago ba." Na yi ta zille-zille, ta tsare ni da idon nan da aka gyara mata, har na kwashe labari kaf na faɗa mata, ina kuka kamar ƙaramin yaro. Ta ci gaba da tsinkar yakuwarta, sai dai na lura tana zuba ganyen a kwandon shara, karan a cikin kwano. Ranar Alhamis ta yafa mayafinta ta riga kowa shiga mota, ta ce za ta je ta ga wasan gwandar da ake ta yi mata surutu a kai. Baba ya ce akwai sanyi, ga matakala, ga ƙafarta. Ta kalli taga ta ce a gaya wa wancan ya tayar da mota.

Suka zauna a layin gaba, ita da Baba da Mama, da Alhaji Sabo da iyalinsa da suka zo ganin ƙarshen zance. Ni ina bakin fili. Ban taɓa saɓa wa Baba a gaban idonsa ba, kuma ina son rigar nan har cikin raina, na san in na cire ta na koma Habibu mai warin daddawa. Aka ce kowa ya miƙe, kiɗa ya tashi. Na ce wa kaina tsaya mana, minti nawa ne. Amma da na hango Baba a tsaye da hularsa, irin wadda ta gangara kwata, sai na ji ba zan iya ba ko za a yanka ni. Na durƙusa. Na ga fuskar Baba ta canza, ya ɗaga hannu zai yi min alamar in tashi. A daidai lokacin Hajiya ta miƙa wa Mama sandarta, ta kama ƙarfen da ke gabanta, ta fara yin ƙasa a hankali, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, a kan dandamalin ƙarfe mai sanyi. Matar da ko sallah sai ta dafa bango take tashi, matar da tunda nake ban ga ta rusuna wa mahaluki ba. Ba ta kalle ni ba, ba ta kalli tuta ba, gabanta kawai take kallo.

Baba ya tsaya da hannu a sama. Ga jama'a cike da wuri, ga taken ƙasa na tashi, ga takardunsa, ga kuma uwarsa a ƙasa shi yana tsaye a kanta. Ya sunkuya zai ɗaga ta, ta janye kafaɗarta. Sai na ga ubana ya tattare rigarsa ya sauka a gefenta. Mama ta bi. Alhaji Sabo ya waiga hagu ya waiga dama, shi da ya fi kowa cewa a bar wa masu ƙasa rigimarsu, amma ina, Hajiya na ƙasa, dole ya lanƙwasa tumbinsa ya sauka, matarsa da 'ya'yansa suka biyo. Layi guda na huluna da ɗankwalaye ya nutse a tsakiyar mutanen da ke tsaye da hannu a ƙirji. An yi ihu, an yi zagi, ban ji ko ɗaya da kyau ba, don hawaye nake yi a cikin hannun rigata. Da kiɗa ya ƙare sai da Baba da Alhaji suka kama ta biyu-biyu kafin ta miƙe.

Koci bai canza magana ba, kuma ban yi zaton zai canza ba. Ban taka fili ba ranar, ban kuma sake takawa ba har na gama makarantar. A mota Hajiya ta yi ta mitar sanyi ya shiga ƙashinta, wai maigidan banza ya kai ta kallo ko gyaɗa bai saya mata ba. Sai da muka tsaya a ƙofar gida Baba ya kashe mota, ya dube ni ta madubi. Na shirya jin faɗa. Ya ce, "Gobe ka wanke musu rigarsu tas, ka ninke, ka kai da hannunka. In ka shiga, ka kalle shi a ido." Haka na yi. Na yi kukan rigar nan ba kaɗan ba, na ci abincin rana ni kaɗai har sanyi ya wuce, amma ko sau ɗaya ban ce da na sani ba.

Yanzu Hajiya tana kwance a maƙabartar Funtua, ban ma samu zuwa jana'izarta ba. Wasan da aka ce zai mutu yana nan ya fi da ƙarfi, 'yan wasa kowa a tsaye, yaran da ke tasowa ba su ma san an taɓa wata rigima ba. Baba ya samu takardunsa, ya yi ritaya, a kan kujera yake sallah saboda ciwon gwiwa. Ni nake kai shi masallaci ranar Juma'a, kuma hanyarmu ta gaban tsohuwar makarantata take bi. In lokacin wasanni ne mukan ga yara suna atisaye a filin, sai in rage gudu ba tare da na shirya ba, ƙafata na min ƙaiƙayi. Kwanan baya ya daɗe yana kallonsu ta taga, can ya ce da ni a hankali, "Ka iya gudu fa." Na ce na sani, Baba. Har gobe ina kewar filin nan, kuma da za a mayar da ni, abin da na yi shi zan sake yi.