Jirgina a ƙarƙashin malafar Baba

Da safen nan na fito da gudu. An yi ruwa, ni kuwa na bar jirgin saman da na yi da kwali a kan katanga don gam ya bushe. Sati uku ina haɗa shi, irin na yaƙin Turawan Ingila, fiffike bisa fiffike.

Sai na same shi a zaure, an kifa masa malafa. Baba, mai cewa wasan yara nake, yana gefe, kansa ba malafa, rigarsa sharkaf.

Ya ce, "Wannan dogon abin a ƙarƙashinsa fa?"

"Bam ne, Baba, na nutsar da jirgin ruwa."

"Shi ya sa na ɗauko shi a hankali."

Ku ma haka iyayenku suke? Inna da Dije mai kawo mana nono daga Chinade duk sun gani.