Randar Tsamin Dusa

Sana'ar jima na gada, a Bungudu. Karatun allo ban yi nisa ba, amma fata na san ta. Idan toka ta cire gashi, fata kan kumbura ta yi tauri. Sai an tsoma ta a ruwan tsamin dusa take laushi, sannan bagaruwa ta kama ta.

Tsamin nan a wata tsohuwar randa muke yin sa, bayan ɗaki. Ba a wanke ta, ba a kwashe ta duka. Ka ɗebi na sama, ka zuba dusar gero da ruwan ɗumi, ka rufe da faifai, ka bar ta tana kumfa. Abin da ke aiki a ciki ban taɓa ganinsa ba. Ubana dai ya ce mai rai ne, mai rai kuwa sai da ci.

Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, dabbobi suka yi ta mutuwa, fata ta yi arha kamar banza. Dusa kuma ta zama abincin mutane. Na samo ƙwarya guda da ƙyar, na nufi bayan ɗaki. Matata tana zaune, jaririya na jan nonon da babu komai.

"Malam, ina za ka da dusag ga?"

"Randa."

"To, in ta ƙoshi, ka ce ta zo ta shayar da ɗiyarka."

"Ke, randag ga ta girme ki."

"Ta girme ni, amma ban taɓa jin kukanta ba."

Na ajiye mata ƙwaryar.

Randa na gwada ta da ƙaiƙayi, ta ƙi. Kumfa ta kwanta, saman ya yi baƙi, wari ya maye gurbin tsami. Da hannuna na zubar.

Da abinci ya samu, na roƙo tsami wurin wani majemi a Tsafe, na sake tayarwa. Yana aiki. Fatake a Gusau cewa suke babu bambanci. Su ido suke saye da shi. Ni da yatsa nake ji, kuma ba ɗaya ba ne.

Yarinyar ta rayu. Tana aure a Rawayya, ko da salla ba kullum take leƙo mu ba.