Malama Sai-Na-Taka, Wadda Ta Tsaya Gaban Katafila

Kafin mai shara ya gama da barandar ofishin safiyo, wato masu awon ƙasa, Malama ta iso. Za ka gan ta da jaka a kafaɗa, da doguwar takarda a nannaɗe ƙarƙashin hammata, da wasu takalma masu kauri irin na maza waɗanda ba su san mai ba. Shagona na buga takardu yana kallon ƙofar ofishin, ni nake buga musu manyan taswirori, don haka shekara da shekaru da ita nake buɗe ido. Takan leƙo ta ce, "Ƙanwata, injin naki ya tashi lafiya, ko yau ma sai an lallashe shi?" Daga nan ta shige. Ba ta daɗewa a kan kujera. Rana na ɗagawa za ta fito ta nufi wani titi, ta je ta duba ko abin da takarda ta faɗa haka yake a ƙasa.

Daga nan sunan ya samo asali. Duk wanda ya kawo mata taswira, komai kyanta, komai girman kamfanin da ya zana ta, amsarta ɗaya ce: "Madalla. Amma sai na taka." Tun ana yi mata dariya har sunan Sai-Na-Taka ya bi ta, yanzu ko shugabanta haka yake kiranta. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ni kuwa na rantse ba za ta tafi shiru ba, ko da ni kaɗai zan yi magana.

Bari in faɗa muku abin da ta ƙarar da ƙarfinta a kai. A da, kowa da taswirarsa. Hukumar ruwa ta san inda bututunta ya bi, kamfanin lantarki ya san inda ya binne wayarsa, kamfanonin sadarwa su ma haka, kowa ya kulle tasa a durowa kamar gadon uwarsa. Wanda aka tura ya haƙa titi kuwa, sai dai ya haƙa da ka. Malama da abokan aikinta suka ce a haɗa duka a taswira ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, a cikin kwamfuta, gwamnati ta zuba nata, kamfanoni su zuba nasu, mai buƙata ya duba.

Faɗar da sauƙi. An kai ruwa rana kafin kamfani ko ɗaya ya yarda. Masinjan ofishin ya ba ni labarin wani taro da wani manaja ya buga tebur ya ce, "Mu muka sha rana muka auna, sannan mu miƙa wa abokan gasarmu a faranti?" Malama ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba mu tambaye ka sunan masu sayen kayanka ba. Ka riƙe sirrinka. Ka faɗa mana ta ina wayarka ta bi, kuma zurfinta nawa. Mu kuma mu ba ka hotunan da aka ɗauko daga sama, da duk sabbin titunan da muka auna. Ka kawo na ƙarƙashin ƙasa, mu ba ka na samanta." Haka ta riƙa bin su ofis-ofis, a ce mata shugaba ya fita, ta ce ba komai, za ta jira, ta kuma zauna ɗin.

Ni fa abin nan ba labarin ofis ba ne a wurina. Autanmu direban katafila ne a hukumar ruwa, irin mai dogon hannu da haƙora da ke tona rami. Ni na raine shi bayan rasuwar mahaifiyarmu. Yana tsaye a wurin ranar da abokin aikinsa ya caki wayar lantarki da ba wanda ya gaya masa tana nan. Mutumin ya rayu, amma har yau matarsa ce ke ɗaura masa maɓallin riga. Tun daga ranar Auta ya rage surutu. Ya taɓa ce mini, "Yaya, duk sanda na sa haƙoran nan a ƙasa, ji nake kamar na zura hannu a ramin da ban san mai shi ba." Na ce ya bar aikin mana. Ya ce, "In ci me, in ba yara me?"

Saboda haka ranar da kamfanin lantarki ya amince ya bayar da taswirarsa, har rawa na taka a shago. Aikin farko da za a gwada sabuwar taswirar da shi kuwa, shimfiɗa bututu ne a titin da ya wuce gaban asibiti, kuma Auta aka ba katafilar. Ni na buga takardar da hannuna. Jan layi, wato wayar lantarki, ya bi can gefen dama na titin. Gefen hagu fes, ba komai, nan za a haƙa. Don murna ban jira masinja ba, na ɗauki takardar na kai wurin aikin da kaina.

Na tarar Malama ta riga ni. Tana tafe a bakin titi, ido a ƙasa, kamar mai neman ɗan kunnen da ya faɗi. Ta karɓi takardar, ta duba, ta ci gaba da tafiya. Auta ya tada inji, hannun katafilar ya ɗaga. Can sai na ga ta tsaya, ta sa takalminta tana share ƙasa, sai ga wani tsohon murfin ƙarfe mai alamar lantarki. A gefen hagu. Ta kalli takarda, ta kalli murfin, sannan ta juyo da sassarfa, ta zo ta tsaya cak a gaban katafilar ta ɗaga hannu. Mace 'yar ƙarama, ga wannan dodon ƙarfe a saman kanta.

Shugaban leburori ya taso yana kumfar baki. "Haba Malama! Taswirar taku ce fa ta ce mu haƙa nan. Manya suna hanya za su zo kallo!"

Ta ce, "Tamu ce, kuma ni ce na fi kowa son ta yi daidai. Amma murfin nan bai san da ita ba. Ɗana, kashe injin."

Auta ya kashe.

Ku duba abin da ta yi fa. Aikin da ta yi shekaru tana roƙo a kansa, ranar da za a fara yaba shi, ita ce ta fara cewa akwai kuskure a ciki, a gaban jama'a, alhali kamfanin da ya kawo taswirar da ƙyar ya yarda, kuma yana iya fushi ya janye. Ta san da haka sarai. Ta ɗauki waya ta kira injiniyan kamfanin, ba faɗa ba gori, ta ce ya zo su duba tare. Mutumin kirki ne, ya zo a guje. Suka sunkuya a kan murfin suna magana, har ya dafe kai ya ce, "Malama, daga wane turke kuka auna?"

Ashe masu safiyo suna da turakun siminti da aka kafa tun da daɗewa a kan tuddai, daga jikinsu ake fara kowane awo. Ofishin gwamnati ya auna titunansa daga turke ɗaya, magabatan kamfanin sun auna wayoyinsu daga wani. Kowace taswira daidai take ita kaɗai. Da aka ɗora wannan a kan waccan, sai duk wayoyin suka gusa da faɗin titi guda, ba wanda ya lura, don a kwamfuta komai ya yi kyau.

Malama ta ce a kawo shebur a tona da hannu, a hankali. Ba a yi nisa ba sai ga ta, baƙar waya mai kaurin dantse, kwance daidai inda haƙoran katafilar za su sauka. Injiniyan ya zauna daɓas a ƙasa yana salati. Auta ya sauko, ya leƙa ramin, ya kalli hannayensa. Ni kam kuka na yi, ban ɓoye ba.

Kamfanin bai janye ba. Shi da ofishin safiyo suka haɗa ma'aikata suka gyara awon gaba ɗaya, sauran kamfanoni da suka ji labari suka fara kawo nasu da kansu. Aka kuma mai da ɗabi'arta doka: ba taswirar da za ta shiga sai an je an taka.

Malama, ke ce kika zaunar da masu kulle durowa a tebur ɗaya. Ke ce kika fi son a ce kin yi kuskure a kan a ce wani ya rasa hannu. Uwar masu haƙa, ba su san fuskarki ba, amma a kan sawunki suke aiki. Har yau in na tuna tsayuwar nan taki, tsigar jikina tashi take yi. Na gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku kuma da har yanzu kuke riƙe da taswirarku a durowa, ku fito da ita, akwai ƙanin wata da zai haƙa titin nan gobe. Matasan ofis, kwamfutarku ta iya aiki, ban musa ba, amma ku riƙa fita kuna takawa.

An yi mata ɗan taron ban kwana a makon jiya. Kamfanoni sun kawo allunan yabo masu ƙyalli, ta karɓa tana godiya. Can a ƙarshe Auta ya taso daga baya da leda, yana jin kunya. Sabbin takalma ne masu kauri, irin nata. Ta yi dariya ta ce, "Kai ɗana, ni da zan huta, ina zan taka kuma?" Auta ya durƙusa ya miƙa mata, da hannayensa biyu, lafiyayyu.