Sunan Hajara a Allon Famfo

Kano zuwa Gaya

Na bar gida ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, da sabon batir a jaka. Aikina gyaran famfunan sola masu aiki da kati. Ka ɗora katinka, sunanka ya fito a ƙaramin allo, ruwa ya zubo nan take. Saboda saurin nan, na'urar ba ta ajiye sunaye a faifai, a ƙwaƙwalwarta take riƙe da su. Da wuta ta yanke, komai ya goge, sai a zuba mata sabon jeri daga ofis.

Batirin famfon wani ƙauye a Ajingi ya kusa mutuwa. Akwai kuma wani ƙorafi: sunan wata Hajara, wadda ta rasu da damina, yana fitowa a allo kullum bayan la'asar. Mata sun ƙaurace wa famfon, sun koma kududdufi, yara na ta ciwon ciki. Ni dai dariya na yi.

A shingen Wudil ɗan sanda ya ɗaga batirin, ya ji nauyi, ya ce mu wuce. Ƙarfe takwas ina Gaya, na karya da ƙosai da koko.

Gaya zuwa Ajingi

Ɗan acaɓan da ya ɗauke ni daga Ajingi ya tsaya nesa da famfon.

"Oga, iyakata nan," in ji shi. "Ka ƙarasa da ƙafa."

Famfon yana bakin hanyar maƙabarta. Ba kowa, ko akuya. A allo ga sunan nan, Hajara, tun jiya ba wanda ya ɗora kati bayan nata. Dariyar da na yi a Kano ta gudu. Na ƙi taɓa batirin, na zauna gindin tsamiya in ga mai zuwa.

La'asar

Ana shiga sallah na ji takun ƙafa ta wajen maƙabarta. Wallahi na karanta duk abin da na iya. Sai ga wani dattijo da buta, ya ciro kati daga hularsa.

"Baba, katin wa ke nan?"

"Na mai ɗakina ne. A gona nake sallata, in gaishe ta a makwancinta, in biyo nan kafin mutane su fito. Ban iya boko ba, ɗana, amma na san siffar sunanta."

Na gaya masa gaskiya: ofis ya cire sunan daga jeri, a ƙwaƙwalwar nan kaɗai ya rage, kuma ina zare batir zai tafi. Na faɗa masa maganar yara da kududdufi.

Ya ɗora katin, ya cika butarsa, ya daɗe yana kallon allon.

"Zare," ya ce.

Na zare, na sa sabo, na zuba jeri. Ya sake ɗora katin. Ba abin da ya fito.

"To," ya ce, "yau ne aka kai ta."

Komawa

Na iso gida ƙarfe tara saura kwata, na kasa cin tuwo. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa dattijon da ya raka ni har bakin titi, da katin a hularsa.