Na Sha Kunun Mutum Biyu a Gaya

Ana idar da sallar asuba muka bar Toranke, ni da yayata, a bayan babur ɗaya. An kwana ana ruwa, hanya duk taɓo, gero ya fi mai babur tsawo. A Ajingi muka shiga mota, kuɗinta ya ƙaru, kujerar kuwa tana nan da ramukanta.

Mahaifiyarmu ciwon dajin ƙwan mahaifa ne ajalinta, ba a gano ba sai da ciki ya kumbura. Shekara guda ina lallashin Yaya ta je a duba ta. Da ƙyar ta yarda, da muka ji likitocin bincike daga Kano suna zuwa Gaya sau ɗaya a wata. Sharaɗinsu, a zo ba a ci komai ba. Na san in ta yau ta ɓaci, Yaya ba za ta sake fitowa ba.

Muna sauka a tashar Gaya, ga ƙamshin ƙosai ko'ina, sai ga Hajiya, uwar mijin 'yar Yaya, wadda gidanta ke bakin tashar.

"Lale da mutanen Toranke! Wallahi ba za ku wuce ƙofata ba."

Ta dire mana kunun gyaɗa, kowa da kwanonta. Yaya ba ta iya faɗa wa suruka zancen mahaifa, ba ta kuma iya mayar mata da kwano a cike. Na ga ta miƙa hannu ga ludayi. Hajiya na juyawa ɗauko sukari na janye kwanon Yaya na shanye, na koma kan nawa.

"Ikon Allah, har kin gama? A ƙaro?"

"Alhamdu lillahi, Hajiya, na ƙoshi," in ji Yaya, cikinta na kuka.

A asibiti wata likita mai sanyin murya ta yi mana bayani. Ta ce jiki yana sakin wasu 'yan ƙulli cikin jini, ido ba ya ganinsu, ɗauke da maiƙo da sinadarin gina jiki. Suna binciken ko ciwon yana canja kayan cikin ƙullin tun bai nuna ba. Ba ta ɓoye ba, ta ce gwajin bai gama tabbata ba, shi ya sa za a haɗa da hoton ciki.

Aka ɗebi jinin Yaya, hoto ya fito lafiya. Na yi hamdala har da hawaye. Sai likita ta dube ni.

"Ke ma ai uwarku ɗaya. Kin karya?"

Yaya ta yi dariya har tana riƙe bango.

Da la'asar muka iso gida. Tafiyar ta nuna mini na shekara ina jin tsoro domin wata, ban taɓa sa kaina a lissafi ba. An rubuta sunana a wata mai zuwa. Yaya ta ce za ta raka ni, amma ta bayan tasha za mu bi.