Kallamu Mai Bodi da Bajamushensa

A bayan tashar Birnin Konni, inda hanya ta karkata ta nufi bakin iyaka, akwai wata rumfar kwano da garin katako ya rufe ƙasanta har ƙafa na nutsewa. A nan Kallamu ya ƙare rayuwarsa yana ƙera wa manyan motoci bodi. Kafinta ne, amma kada ka kuskura ka kai masa aikin ƙofa ko kujera, don sai ya dube ka sama da ƙasa, ya nuna maka rumfar maƙwabcinsa da haɓa. Ni Sumaila direba na san shi ciki da bai, saboda motar da na tuƙa rabin rayuwata jikinta aikin hannunsa ne.

Motar Marsandi ce mai guntun hanci, irin wadda mutanen Najeriya ke ce wa nayin-ilebin. Irin waɗannan motoci kai da shasi kawai suke zuwa, babu inda za ka zuba ko buhu ɗaya, sai an kai wa kafinta ya ɗora musu jiki na katako. Hajiya Kande, wata 'yar kasuwar albasa ta Galmi, ita ta sayo ta hannu na biyu daga Sakkwato tun ina saurayi, ta kai wa Kallamu. Albasa ba ta son zafin ƙarfe, iska take so, shi kuwa ya san yadda ake barin tsakani a jikin katako ta sha iska har Kwatano ba ta yi gumi ba.

Kallamu bai taɓa ganin Jamus ba, ko Yamai ma sau nawa ya je. Amma in ka ji yana zancen Bajamushen da ya ƙera injin nan sai ka rantse tare suka yi karatun allo. Mutumina yake ce masa. Tarihin kamfanin a rediyo ya tsince shi, ya kuma riƙe shi kamar tarihin kakanninsa. Zai gaya maka cewa mutum biyu ne suka fara, kowa a garinsa yana fama da injinsa tun zamanin da doki ne sarkin hanya, daga baya aka haɗe gidajensu biyu suka zama ɗaya. Zai gaya maka sunan Marsandi ma sunan 'yar wani dillalinsu ne, abin da ke ba shi dariya kullum, wai ƙatuwar mota mai gurnani haka da sunan yarinya. Abin da ya fi burge shi kuwa shi ne an ce mutanen nan biyu ba su taɓa zama suka gaisa ba. Nan yake gyara zama, ya ce ashe ba sai an ga juna ake aiki tare ba, saboda haka shi ne na ukunsu.

To amma abotar nan da gasa a cikinta, kuma gasar ce ta hana shi sakat. Bodin farko da ya yi wa motar, ruwan albasa da na sama suka ci gindinsa ya ruɓe. Na biyu hanyar Agadas ta girgiza shi har ya saki. Na uku ya yi ƙarko ƙwarai, har ana misali da shi a tasha, amma shi ma ranarsa ta zo. Kowane karo kuwa motar da ƙafarta take shigowa rumfarsa, injin na kaɗawa ko tari babu, a sauke gawar aikinsa a gefe. Sai ya sa in taka mata wuta, ya karkata kai yana saurare, ya yi tsaki mai haɗe da murmushi. Wannan abu ya tsaya masa a rai. Ya sha alwashin cewa kafin ya bar duniya sai ya yi bodin da zai ga bayan injin nan, wanda ranar da injin ya kwanta za a ɗaga shi lafiya lau a ɗora wa wata mota. 'Yan tasha suka mai da abin na tsokana, duk wanda ya wuce sai ya tambaye shi ko Bajamushe ya aiko da saƙon sallamawa. Ko a jikinsa. Ni dai ban taɓa yi masa dariya a kan wannan ba, don na ga yadda yake shafa katako, kuma mutumin da ke auna kansa da wanda ya fi kowa iya aiki ba abin dariya ba ne a wurina.

Lokacin da bodi na uku ya gaji, Hajiya Kande ta riga ta rasu, motar ta koma hannun ɗanta Bashir. Yaro ne mai hankali, sai dai ɗan zamani ne, kuma ya ga kowa ya koma bodin ƙarfe. Shi kuwa Kallamu ya tsufa, hannunsa na dama ya fara rawa, in zai sha shayi sai ya tallafe kofin da hannu biyu. Da ya ji labarin an fara magana da masu walda, sai ya sa babbar rigarsa ya hau mota har Galmi, ya yi sallama a ƙofar yaron da aka haifa a gabansa. Ina wurin, kuma kunya ta kama ni a madadinsa. Bai yi dogon zance ba.

“Bashir, ban zo roƙon aiki ba, aiki ya ishe ni. Guda ɗai ya rage min a hannu, kuma ga motag ga nika son in aje shi.”

Bashir ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, ai da ka aiko na taho. Motarka ta.”

Wannan bodi na huɗu, ban taɓa ganin an yi wa katako irin hidimarsa ba. Ginshiƙan da za su kwanta a kan shasi na kirya ya nemo, itacen da ke dakushe zarto. Allunan kuwa daga Kudu ya sa aka kawo, ya jingine su a inuwa rani guda suna bushewa, Bashir na ta safa da marwa yana cizon yatsa. Duk baƙin man da na juye daga injin sai ya karɓe ya shafe katakon da shi saboda gara da ruwa. Na ce masa wannan ai da man abokin gasarka kake yaƙarsa, ya ce mutuminsa ba mai rowa ba ne. Inda ginshiƙai suka haɗu kuma bai yarda da ƙusa kaɗai ba, sai da ya fafe ya cusa turaku na itace ta ciki, ya rufe bakinsu yadda ko ka sa ido ba ka ganin wurin. Ranar da muka fitar da ita daga rumfa ya bi ta da kallo har muka sha kwana, daga nan bai sake karɓar babban aiki ba.

Shekaru suka yi ta tafiya, bodi ko ƙara ba ya yi. Injin kuwa ya fara nuna shekarunsa, da safe sai ya ɗan yi hayaƙi kafin ya washe. In na dawo daga tafiya na biya ta rumfa, tambayar farko ita ce yaya mutuminsa. In na ce lafiya lau sai ya ce madalla, amma fuskarsa ba ta cika madallar ba. In na ce ya ɗan yi tari a hawan dutse, sai ya ce Allah ya ba shi lafiya, yana ɓoye murmushi a gemu. Tsoho ya fara hango nasara, mu ma duk mun fara hango masa.

Da damina babu albasa, sai mu koma dakon siminti daga Malbaza. Wata rana aka yi mana lodi za mu kai wani ƙauye ta wajen Illela, tamu ta Nijar, inda ake gina azuzuwan lakwal, wato makarantar boko. A hanyar akwai wata ƙorama mai faɗi da ake ratsawa ta cikin yashi. Da muka iso a bushe take, sama kuma tas. Ashe an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya can gabas. Mun kusa fita ke nan, hancin mota ya fara hawa gaɓa, sai ga ruwa ya taho ja wur yana tafe da itatuwa. Yashi ya zame a ƙarƙashin tayoyin baya, motar ta zauna ta karkace hagu. Na kashe injin na yi tsalle na fita. Allah ya kiyaye rai, amma ruwa ya haye bodi ya shiga cikin kaya.

Kafin ruwan ya ja baya a samu shiga, buhunan sun fashe, simintin ya kama. Abin da ke cikin bodin ya zama dutse guda, ya manne da katako. Bashir ya zo da tarakta da sarƙa, aka ja har sarƙa ta tsinke, motar ko gezau. Kan motar na bakin gaɓa, ruwa bai taɓa injin ba, amma gabas ta sake haɗa hadari, kuma mutanen ƙauyen suka ce in ƙoramar ta sake kawowa yashi zai binne ta har gilashi. Dabara ɗaya ta rage, a raba bodi da shasi, nauyin ya zube ta inda ta karkace. Notunan da suka riƙe shi siminti ya haɗiye su. Majiya ƙarfi suka sa gatari a ginshiƙan kirya, gatari na dawowa kamar an sari ƙarfe. Dole aka aika babur ya ɗauko Kallamu.

Da ya iso, wasu direbobi da suka tsaya taimako suka tarye shi da barka, wai yau ga Bajamushe a kwance ga bodinsa ko tsagewa bai yi ba. Bai kula su ba. Ya tattare wando ya shiga taɓo, ya zagaya motar yana dafa katakon, ya daɗe a tsaye. Bashir ya bi shi, ya yi masa magana a hankali, amma ina kusa na ji. Ya ce injin dama ya tsufa, ya jima yana tunanin sayen wata mota. In Baba ya ce a bari, za a bari, bayan damina a tono bodin a farfasa simintin a hankali, a ɗora shi a kan sabuwa kamar yadda ya daɗe yana fata. Wallahi da ni ne da na karɓa, kuma a raina na roƙi Allah ya sa ya karɓa, ko da yake motar ita ce abincina.

Kallamu ya dubi hadarin, ya dubi kan motar. Ya ce, “Ni da mutumina munka hwara, ruwa ba ya cikin maganag ga. In na ci shi haka, mi zan ce na ci? Ku ba ni zarto.”

Ya nuna wurare a jikin ginshiƙan ta ɓangaren da ya ɗaga, inda turakun nan suke a ɓoye. Matasa suka miƙa hannu za su karɓi zarton, ya hana. Hannun da ba ya iya riƙe kofi shi ya riƙe zarto, yana ja yana hutawa, gumi na ɗiga daga gemunsa, iska ta fara kaɗawa da sanyin ruwa. Sai da ya buɗe bakin kowane turke da kansa, sannan ya yarda aka sa guduma aka fitar. Ni kam na juya baya, don ban iya kallo ba. Da turke na ƙarshe ya fita, aka ɗaura wata sarƙa aka ja ta gefe, bodin ya yi wata ƙara mai tsawo, ya kife cikin ƙorama da dutsensa, allunan suka tarwatse a ƙarƙashin nauyin.

Tarakta ta fizgo motar ta hau gaɓa kamar ba ita ba. Na shiga na murza makulli. Injin ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya kama. Mutane suka yi ta hamdala, shi kuwa Kallamu ya matso ya ɗora tafinsa a kan murfin injin yana jin kaɗawarsa, ya ce a hankali, “Ka ci, mutumina.” Ba mu bar wurin ba sai da yayyafi ya sauko, muna ji ƙoramar ta fara ruri daga nesa.

Na ce ba zai koma a babur cikin ruwa ba, na buɗe masa ƙofa ya zauna kusa da ni. Duk tsawon hanya bai waiwaya ba, zarton na kan cinyarsa. Ni kuma raina a jagule, ina tunanin mutumin da ya yanka aikinsa na ƙarshe da hannunsa, ga shi na san babu na biyar. Sai na huce a kan totur, motar kuwa babu nauyi a bayanta, tana ta tsalle a kan ramuka. Mun kusa Tsarnawa ya dafa mini gwiwa.

“Yi a hankali, Sumaila,” in ji shi. “Ba ta saba tahiya tsirara ba.”