Cutar Gonar Baba a Firjin Gwaggo

Aikin Gwaggo, ƙanwar babana, shi ne sa wa shinkafa cuta. Ba wasa nake ba, albashi ake biyan ta a kan haka. Tun ina goye take aiki a cibiyar binciken iri da ke bayan gari. Da safe za ta buɗe firji ta ɗauko ƙwayar cutar da ke ƙona ganyen shinkafa, ta dama ta a ruwa, ta tsoma almakashi, ta bi layin tukwanen shuka tana datse kan ganye. Wadda ta bushe a zubar, wadda ta tsira masana su ɗauke ta su fitar da sabon iri. A gari Mai Almakashi ake ce mata. Mu a gida muna tsokanar ta cewa kowa na kiwon kaji, ita tana kiwon cuta.

Gajeriya ce, mafaɗaciya, ga tsabta mai gajiyar da mutane. Takalmin aikinta a wurin aiki yake kwana. Ba ta taka gonar Baba sai ta yi wanka ta sake kaya, ko da saƙo za ta miƙa masa.

Wata shekara wani iri ya gagari almakashinta. Ta datse, ta sake datsewa, ganye na nan kore shar. Da aka fitar da shi ga manoma, ita ta ɗauko buhun farko ta dire a gaban Baba. Shi ya raɗa masa suna Gagara. Maƙwabta suka ga yabanya suka zo neman iri, kafin ka ce me fadamar ta zama Gagara tun daga bakin titi har gaɓar kogi. Doguwar shinkafa da ja da sauran tsofaffin iri duk aka watsar. Aka ƙara taki, aka sa injin ban ruwa, ana girbe na damina ana dasa na rani. Da Gagara Baba ya yi wa gidanmu rufin kwano, da ita na yi karatu na zama malamar makaranta. Shekara da shekaru ba wanda ya ƙara ganin ƙunar ganye.

Ranar da na zo hutu sai na leƙa gona. Ganyen ya bushe daga sama ya yi fari, kamar an kwara masa tafasasshen ruwa. Na waiga gonar maƙwabci, haka. Ta gaba da ita ma haka. Baba kuwa ya wuni yana shiga wannan gona yana fita waccan, yana duba ko akwai wadda ta tsira.

Ban san wanda ya fara maganar ba, amma a bakin Baba na ji ta, a tsakar gida, Gwaggo na zaune.

"Duk garin nan wa ke taɓa wannan abin in ba ke ba?"

Gwaggo ta ɗago. "Ni, Yaya?"

"Ko a farce ne, ko a gashi. Wata rana dai kin kawo mana."

Na so in tanka, raina ya ɓaci ƙwarai, don na san irin wankan da matar nan ta yi saboda gonarsa. Abin da ya fi tsorata ni shi ne Gwaggo ba ta yi faɗa ba. Matar da ke yi wa mai kanti tas a kan sabulu ta tashi shiru, ta shiga gona, ta yanki ganyen da ya ƙone ta ƙulle a leda, ta tafi. Ta daina zuwa gidanmu. A kasuwa mata suka fara janye kwandunansu in ta matso.

Bayan 'yan makonni ta aiko a kira Baba zuwa cibiyar. Da ƙyar na ja shi. A ƙofar ɗakin shuke-shuken ta tare shi.

"Cire takalminka, Yaya."

"Ni kike wa wulaƙanci?"

"Cire dai."

Ya cire yana huci. A ciki ta nuna mana layi biyu na tukwane, duka Gagara. Na hagu kore shar. Na dama ya ƙone ƙurmus.

"Na hagu da cutar da ke firjina na datse shi," in ji ta. "Ita ce ka ce na kawo muku. Ka gani, har yau ba ta iya da Gagara ba. Na dama kuma da wadda na ciro daga ganyen gonarka."

Baba ya dubi hagu, ya dubi dama. "To daga ina ta zo?"

"Ba zuwa ta yi ba, a wurinku ta tashi. Ƙwayoyin nan ba sa ƙirguwa, kuma kullum haihuwa suke. A ciki sai an sami wadda ta fito daban, ta iya da abin da iyayenta suka kasa. A da in ta ci gonarka sai ta tarar da wani iri a gonar maƙwabci, ta tsaya. Yanzu duk inda ta juya Gagara ce, rani da damina, ga taki ya sa ganye ya yi laushi. Ni na kawo irin, ku kuka shimfiɗa mata shi."

Ta buɗe firji. A gefen tsofaffin kwalabe akwai sabuwa, an rubuta sunan fadamarmu a jikinta. 

"Ajiye ta kika yi?" in ji Baba. "Ki zuba mata fetur ki ƙone mana."

"Ciyar da ita ma nake yi. In ba ta raye, da me zan gwada irin da zai maye gurbin Gagara?"

"Shi in an samu, shi ke nan?"

"A'a. In kuka sake rufe fadama da shi kaɗai, shi ma za ta koye shi."

Baba ya juya zai fita, sai ya tsaya cak a bakin ƙofa yana kallon takalminsa. Taɓon gona ya bushe a jikinsa, ga guntayen ganye a maƙale. Takalmin da ya zaga gonakin mutane da shi ke nan.

"Shi ya sa kika ce in cire," ya ce a hankali.

Gwaggo ta miƙa masa leda. Ya sunkuya ya zuba takalmin ya ƙulle, sannan ya kira ta da sunan da yake kiran ta tun suna yara, ya ce ta zo gida gobe. Babu takalmi ya taka har bakin titi.